Wace Irin Suma Ce? Labarina Da Farfaɗiya

Ni nas ce a sashen gaggawa na wani asibitin gwamnati a nan arewa, matar aure, uwar 'ya'ya, kuma ina da farfaɗiya. Na san da wuya a ji mace ta faɗi haka da bakinta, domin ciwo ne da ake rufewa saboda aure da dangin miji da bakin duniya. Sunana zan sakaya, saboda 'ya'yana mata da ke tasowa. Abin da ya sa na ga ya kamata in yi magana shi ne, kusan kullum ana shigo mana da mutum ranga-ranga, in na tambayi waɗanda suka kawo shi me ya faru, sai su ce ya fita hayyacinsa ne, shi ke nan. Irin wannan amsa ce ta cinye mini shekarun ƙuruciyata, domin fita hayyaci iri-iri ne, kuma abin da zai ceci wani shi zai halaka wani.

Mahaifina malamin zaure ne. Bayan asuba da bayan la'asar magidanta kan zo ɗaukar karatu, daga Ƙawa'idi zuwa Ahalari, Ishmawi, Iziyya har Risala. Mu mata da daddare yake biya mana a tsakar gida. A babin abubuwan da ke warware alwala na fara jin cewa barci ma ba ɗaya ba ne. Ishmawi ya kasa shi huɗu: mai tsawo mai nauyi yana warware alwala, gajere mai nauyi shi ma yana warwarewa, gajere mara nauyi ba ya warwarewa, mai tsawo mara nauyi kuwa an so mutum ya sake alwala. Na tuna na ce, "Malam, yaya mutum zai san nauyin barcinsa alhali yana barcin?" Ya yi dariya ya ce, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "idan carbi ya faɗi daga hannunki ba ki ji ba, ko yawu ya zubo ba ki sani ba, ko aka ɗaga murya kusa da ke ba ki ji ba, to wannan mai nauyi ne." Daga nan ya shiga sauran hanyoyin gushewar hankali, wato hauka da suma da maye, kowanne da hukuncinsa. Mai barci in ya farka zai rama sallar da ta wuce shi. Wanda ya suma har lokaci ya fita babu ramuwa a kansa, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar ya suma bai rama ba. Wanda ya bugu da gangan kuwa ga ramuwa ga zunubi. Dukkansu a kwance suke ba su san inda kansu yake ba, amma malamai ba su zuba su a kwando ɗaya ba.

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare abin ya fara. Wani abu kan taso daga cikina ya hauro ƙirji, sai in ji ƙauri alhali babu abin da ke ƙonewa, sai kuma in ga duk abin da ke faruwa a gabana na taɓa ganinsa, har na san kalmar da Inna za ta faɗa kafin ta faɗa. Tsoro ya lulluɓe ni. Daga nan ban san komai ba. Sauran labarin a bakin mutane nake ji: wai ina ƙura ido wuri ɗaya, ina taunar baki, ina murza gefen zanina, a kira sunana ba na amsawa. Ba na faɗuwa, ba na ihu. Minti ɗaya ko biyu abin ya wuce, ya bar ni da ruɗewa da ciwon kai da barci mai nauyi.

Gwaggo ce ta fara yanke hukunci. Ta ce gamo na yi, ai an sha hana ni bi ta gindin tsamiyar bayan gida da tsakar rana. Aka shiga hayaƙi da turare, habbatus sauda, man zaitun, rubutu kala-kala. Aka kira wani mai ruƙiyya, ya yi ta karatu a kunnena yana daka tsawa, yana cewa a faɗi suna. Ni kuwa lafiyata ƙalau a lokacin, ina kallonsa ina jin kunya. Da ya gaji ya ce aljanin kurma ne. Ban raina ruƙiyya ba, har gobe ina tofa wa kaina da 'ya'yana, kuma na yi imani da samuwar aljanu kamar kowane Musulmi. Abin da na ƙi shi ne a ce amsa ɗaya ce ga kowace tambaya, in ba ta yi daidai ba a ce laifin aljanin ne.

Wadda ta fara musa wa Gwaggo ita ce kakata ta wajen uwa, kuma ita ce ba a zata ba. A unguwar da ta tashi akwai gidan 'yan bori, ta ga girka da wasa iri-iri tun tana yarinya, ko da yake ba ta son a riƙa tuna mata. Ta zauna ta kalle ni abin ya zo ya tafi, sannan ta ce, "Kishiya, wannan naki ba hawan iska ba ne." Ta bayyana wa Inna dalilinta dalla-dalla. Mai hawan bori da kiɗa ake kira masa, garaya ko goge, kowane iska da takensa da kirarinsa. In ya hau kuma ana gane shi. Malam Alhaji tsoho ne mai tari da jan carbi, Kuturu yana dunƙule yatsu yana korar ƙuda, Ɗan Galadima yana rabon kuɗi da taƙama irin ta 'ya'yan sarauta. Suna magana, suna neman abu, in za su sauka a yi atishawa. "Ita kuwa wannan," in ji ta, "ba kiɗa, ba murya, ba buƙata, kuma kullum abu ɗaya take yi ba ya sauyawa. Ku nemi wani abin." Tsohuwar nan ko alif ba ta sani ba, amma da na girma na ga alamun da ta lura da su su ne likitan ƙwaƙwalwa ke tambaya: me ke tayar da abin, yaya yake tafiya, shin yana sauya kama ko kullum iri ɗaya ne.

Malam bai ce uffan ba sai da ya koma littattafansa. Bayan kwanaki ya tara iyayena mata ya ce Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'adi ya kasa farfaɗiya biyu, akwai ta miyagun ruhohi, akwai kuma ta lalurar jiki, wadda likitoci ke magana a kan sababinta da maganinta. Ya kawo hadisin baiwar Allahn nan baƙar fata da ta zo wa Annabi (SAW) ta ce tana farfaɗiya kuma tsiraicinta na bayyana, aka ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da Aljanna ko addu'ar waraka, ta zaɓi haƙuri, ta roƙi a yi mata addu'a kada ta riƙa yayewa. Ya ce ba a kore ta ba, ba a ce kada a ci abinci da ita ba. Addu'a shi zai ci gaba da yi mini da kansa, amma a kai ni asibiti. Aka kai ni wani ƙaramin asibiti, aka ba ni maganin maleriya da na taifod, muka dawo gida abin yana nan.

A makarantar kwana na ga wani nau'in daban. Wani dare yarinya ɗaya ta faɗi tana ihu a ɗakin kwananmu, kafin gari ya waye sun fi goma, washegari abin ya tsallaka wasu ɗakunan. Suna birgima, idanu a runtse gam, wasu suna magana da wata murya, abin ya ɗauki awa ɗaya ko fiye, in wata ta ga wata sai ita ma ta kama. Aka tura mu gida. Da yake an san ni da nawa, aka lissafa ni cikinsu, har wasu suka ce ni na kawo shi makarantar. Ni kuwa ko a lokacin na san ba abu ɗaya ba ne. Su suna tuna wani ɓangare na abin da ya faru, ni ba na tuna komai. Nasu yana zuwa cikin taro, nawa ko ni kaɗai ce a banɗaki yana zuwa.

A wani hutu abin ya girma. Ina girki a murhu na ji ƙaurin nan, ban iya matsawa ba. A wannan karon na faɗi na sanƙame, na yi jijjiga, hannuna na hagu ya faɗa wuta. Matan gida suka tsaya cirko-cirko, kowa na tsoron yawun bakina, don an ce da shi ake ɗauka. Inna ce ta fito daga wanka ta janye ni. Tabon yana nan daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, kuma bari in faɗa a nan tun kafin in manta: farfaɗiya ba a ɗaukarta, ba ta yawu, ba ta numfashi, ba ta cin abinci a kwano ɗaya. Ƙunar nan ce ta kai mu asibitin koyarwa, daga wajen wankin ciwo aka tura mu wajen likitan ƙwaƙwalwa.

Likitan bai taɓa ni ba sai da ya gama da Inna. "Mama, idonta a buɗe yake ko a rufe? Minti nawa yake ɗauka? Me take cewa tana ji kafin ya zo? Ta taɓa cizon harshe, a gefe ko a tsini? Fitsari fa? In ta dawo, nan take take gane ku ko sai an jima? Tana ƙarama ta taɓa taune-taune?" Inna ta ce ƙwarai, ina goye na yi zazzaɓi mai zafi, na yi jijjiga mai tsawo har aka fitar da rai. Ya gyaɗa kai. Aka manna mini wayoyi a ka don awon wutar ƙwaƙwalwa, abin da suke kira EEG, wanda wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya fara yi wa ɗan Adam a 1924. Awon farko bai nuna komai ba, Gwaggo ta ce ai ta faɗa. Likitan ya ce hakan na faruwa sosai, domin na'urar abin da ke gudana a lokacin kawai take gani. Ya sa na kwana ban yi barci ba aka sake, sai ga shi ya fito a ɓangaren ƙwaƙwalwa na gefen kunne. Ya ce farfaɗiya ce mai farawa daga wuri ɗaya. In ta tsaya a wurin sai ƙauri da tsoro, in ta ɗan faɗaɗa sai ƙura ido da taunar baki, in ta mamaye ko'ina sai faɗuwa da jijjiga. Ashe abubuwa ukun da nake fama da su ciwo ɗaya ne mai hawa-hawa. Aka ɗora ni a kan wani maganin farfaɗiya mai suna carbamazepine. Makonnin farko na sha jiri da gyangyaɗi, daga baya jiki ya saba, abin ya yi ta ja da baya har ya zama sai in na tsallake magani ko na kwana ban runtsa ba.

Wannan ne ya kai ni makarantar koyon jinya. A can aka koya mana ma'aunin da wasu likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa biyu, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fitar a birnin Gilasgo na Sikotland a 1974. Abu uku ake dubawa: buɗe ido, maki 1 zuwa 4; magana, 1 zuwa 5; motsi, 1 zuwa 6. Mai cikakken hankali 15, wanda ya yi nisa ƙwarai 3, daga 8 zuwa ƙasa kuwa doguwar suma ce, a kula da hanyar numfashi. Ga yaran da ba su fara magana ba akwai na Blantyre a Malawi, daga 0 zuwa 5, wanda aka tsara saboda maleriyar da ke taɓa ƙwaƙwalwa. Ranar da malamarmu ta nuna yadda ake kiran sunan majinyaci, in bai amsa ba a ɗaga murya, in bai amsa ba a matsa masa farce, sai na tuna carbin Malam. Tambayar ɗaya ce: me zai faru kusa da kai ba ka ji ba?

Amma ma'aunin Gilasgo zurfi kawai yake aunawa, ba ya faɗin iri. Da a ce an auna ni lokacin da nake ƙura ido, idona a buɗe yake, hannuna na motsi, wani ma zai ce iskanci ne. Daga baya na fahimci likitoci na raba abu biyu, farkawa daban, sani daban. Rediyo na iya zama a kunne tasha ta ɓace. Mai mafarki ba a farke yake ba amma yana gani yana ji a duniyarsa. Mai irin ciwona a farke yake amma sanin ya tafi. Mai doguwar suma ya rasa duka biyun.

Da yake abin ya shafe ni, na bi diddigi fiye da abin da jarrabawa ke nema. Wani likitan hankali Ba'amurke, Arnold Ludwig, a 1966 ya kasa sauyin hayyaci bisa abin da ke jawo shi: ƙarancin abin da gaɓoɓi ke ji, kamar kaɗaici mai tsawo, yawansa, kamar kiɗa da rawa da hayaniyar taro, tsananin tattara hankali, sakin hankali, sai sauyin da ke faruwa a jiki, kamar zazzaɓi ko ƙwaya. A 2005 Dieter Vaitl da abokan aikinsa suka kasa shi zuwa wanda ke zuwa da kansa, irin su gyangyaɗi da mafarki. Wanda halin jiki ke jawowa, irin su yunwa da tsananin zafi ko sanyi da sarrafa numfashi. Wanda ake jawowa ta hanyar tunani, kamar kiɗa mai maimaituwa da dogon nutsuwa. Da wanda ciwo ke kawowa, inda suka sa farfaɗiya da doguwar suma da taɓin hankali. Na ƙwayoyi kuma babi ne mai zaman kansa. Wata masaniyar al'adu, Erika Bourguignon, ta duba bayanan al'ummomi 488, ta samu kashi 90 cikin 100 suna da wani nau'in fita hayyaci da al'ada ta san da zamansa. Ashe ba mu kaɗai ba ne. Ko kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 bai ɗauki abin da ke faruwa a cikin ibada ko al'adar mutane a matsayin ciwo ba, sai wanda ke zuwa ba a so, yana wahalar da mai shi, kuma an tabbatar ba farfaɗiya ko ƙwaya ce ta kawo shi ba.

A ganina kowane kashi da tambayar da yake amsawa. Malamin fiƙihu yana son sanin ko akwai ramuwa, ko saki ya auku, ko alƙalami na kan mutum. Sufaye da ke maganar jazaba da fana'i da dawowa hayyaci suna bayanin abin da mai zikiri ke ɗanɗana ne daga ciki, kuma wannan fage ne da ma'aunin asibiti ba shi da ta cewa a kai. Masu bincike suna son su san tushe. Ni kuwa a bakin ƙofar gaggawa tambayata ta fi duka gajarta: cikin waɗannan wanne ne zai kashe mutumin nan kafin awa ɗaya? Shi nake fara nema.

Na farko sukari. Duk wanda aka kawo ba ya cikin hayyacinsa sai na soki yatsarsa. An taɓa kawo wani dattijo mai ciwon sukari yana zufa yana zage-zage, 'ya'yansa na kuka wai Baba ya haukace. Ya sha maganinsa ne bai ci abinci ba, sukarin ya faɗi ƙasa warwas. Aka ɗura masa gulukos ta jijiya, kafin a gama ya buɗe ido yana tambayar hularsa. Da an kai shi wani wurin an ɗaure, da wani labarin ake yi. Mai ciki ko mai jego da ta kama jijjiga, ko da an ce mayu ne ko iskar jego, awon jini muke fara yi, domin yawanci hawan jinin masu ciki ne, kuma akwai allurar magnesium sulphate da ke tsayar da shi. Yaro mai zazzaɓi da ya daina gane uwarsa, maleriya ko sanƙarau muke zargi. Tsoho da ya kwana lafiya ya tashi yana sambatu yana ganin mutane a bango, sau da yawa ciwon fitsari ne ko na huhu ko ƙarancin ruwa a jiki. Irin wannan ruɗewar tana zuwa farat ɗaya, tana lafawa da rana ta tsananta da dare, ba kamar mantuwar tsufa ba mai shigowa a hankali cikin shekaru.

Sai 'yan maye, su ma ba ɗaya ba ne. Wanda ya sha zaƙami ƙwayar idonsa ta buɗe, fatarsa ta bushe ta yi zafi, yana tsintar abin da babu a iska. Wanda ya yi wa kodin ko makamancinsa yawa kuwa ƙwayar idon ta tsuke, numfashi ya yi ƙasa, kuma shi ne mai mutuwa shiru ana cewa barci yake. An hana maganin tari mai kodin a Najeriya a 2018, amma ba mu daina ganinsu ba. Tramadol kuma jijjiga yake sa samari, a kawo su a ce farfaɗiya ce, alhali in sun bar ƙwayar sun rabu da ita. Har a ɗakin tiyata akwai namu, domin wanda aka yi wa allurar sa barci ta ketamine yakan farfaɗo yana surutai yana ganin abubuwa, dangi su tsorata, mu kuwa mun san zai wuce.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne 'yan mata irin na makarantarmu. Ana kawo su ido a runtse, jiki na karkarwa na tsawon lokaci, awo bai nuna farfaɗiya ba. Wasu abokan aikina kan ce ƙarya ce, a watsa mata ruwa. Ba ƙarya ba ce. In ka zauna da yarinyar bayan kowa ya fita sai ka ji auren da ba ta so, ko dukan da take sha, ko wani abin da ba ta iya faɗa wa kowa ba. Maganin farfaɗiya ba ya yi mata komai, tsawa ma haka. Mai saurare take buƙata, da likitan hankali, da iyaye masu sassauci. Akwai kuma mai ɗauke da duka biyun, ga farfaɗiyar ga wannan, shi ya sa ba na gaggawar yanke hukunci.

Maganar aure kuwa, na farko da ya fito ya janye ranar da gwaggonsa ta ji labari. Wanda Allah ya nufa shi ne mijina tun zuwansa na biyu na nuna masa tabon hannuna na faɗa masa komai. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma yana da nasa, dannau ne ke danne shi tun yana saurayi, ya farka ya kasa motsi ya ga inuwa a bakin ƙofa. Na yi masa bayani cewa a lokacin mafarki ƙwaƙwalwa kan kashe ƙarfin gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani, wani lokaci sai a farka kafin gaɓoɓin su dawo, kuma rashin isasshen barci da kwanciyar rigingine na ƙara shi. Na ce ya riƙa addu'ar barci ya kwanta a gefen dama, ga sunna ga magani. Har yau yana tsokanata wai nas ya aura ya rasa aljaninsa.

Kafin kowane ciki sai da na ga likitana, aka duba magani aka ba ni folic acid, kuma ban taɓa daina shan maganin farfaɗiyar da kaina ba, domin jijjiga ga mai ciki ta fi maganin haɗari. Da azumi ina sha da sahur da buɗa-baki bisa tsarin da likita ya yi mini. A wurin aiki an cire ni daga aikin dare. Ba na jan ruwa a rijiya, ba na girki ni kaɗai a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ne ke da ciwon nan a duniya, kuma kusan kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba in sun sami magani daidai. A unguwarmu kaɗai na san gidaje da ake kulle irina a ɗaki.

Maigidana da babbar 'yata sun haddace abin yi in ya zo. A duba agogo. A janye wuta da duk abin da zai ji mini ciwo, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kaina, a rufa mini zani. Kada a danne ni, kada a sa mini cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura mini ruwa ko rubutu ko manja, kada a yi mini hayaƙi. In jijjigar ta tsaya a juya ni gefe. In ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa ban farfaɗo ba, sai asibiti. Wanda hannunsa ke sake kuma ya ɗauki bidiyo da waya, saboda likita ba ya nan lokacin da abin ke faruwa, ni kuma da abin ya faru a kaina ba ni da labarin da zan ba shi.

Shekaru sun yi nisa rabona da faɗuwa, sai dai ƙaurin nan kan leƙo jefi-jefi in na gaji ƙwarai, in zauna ya wuce. A ganawarmu ta ƙarshe likitana ya kawo maganar ko za a gwada rage magani a hankali. Ya faɗa mini gaskiya cewa irin tawa, mai tushe a wuri ɗaya, ta fi yawan dawowa in an daina. Na ce a bari tukuna sai na yaye na goye, in Allah ya kai mu sai mu sake zama.